Maganin bisashe da aikin fata a karkarar Irlanda ta da

Abin da muka sani game da kiwon talakawan Irlanda, wani sashensa daga bakin yara ya fito. Daga 1937 zuwa 1939, hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1935, ta sa ƴan makaranta fiye da 50 000 su tambayi tsofaffinsu, su rubuta. Littattafan suna ajiye a jami'ar UCD ta Dublin.

A cikinsu muna ganin cewa sunan cuta shi ke nuna maganinta. In saniya ta kwanta haka kawai, sai a ce aljannu ne suka harbe ta. A ɗauko tsinin kibiya na dutse, irin na mutanen farko da ake tsinta a gona, a saka a ruwa, a ɗura mata. In ciwon ciki ya kama maraƙi, tsutsa ake zargi: a yi wani ƙulli da igiya bisa gadon bayansa, a ja bakin biyu, ƙullin ya warware, da fatan ciwon ya bi shi. Ran 1 ga Mayu kuma, akan kora shanu tsakanin wuta biyu don riga-kafi. Mu da ke cewa « harbin daji », wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu, ko da yake ba mu ce cutar ɗaya ce ba.

Saniyar da magani bai tsamo ba, fatarta ba ta zama asara. A tsibiran Aran, da ɗanyen ƙirgi ake yin takalmi, gashi a waje, ana jiƙa shi don kada ya ƙandare. Jima kuwa da ɓawon itacen da Faransawa ke kira chêne ake yin ta, kamar yadda majemanmu ke aiki da bagaruwa. Da aka sare dazuzzuka, ɓawon ya yi wuya, har majalisar Irlanda ta ba William Maple fam 200 a 1727 saboda dabarar jima da saiwar wata ciyawa, tormantil.

Likitan dabbobi da takalmin kanti sun kawar da waɗannan ayyuka. Kalmomin sun tsira don an rubuta su tun masu su na da rai. Namu makiyaya da majema fa, wa ke rubuta nasu?