Tarihin Zaren Awon Damtse

Kafin tef mai launi uku ya zama kayan aikin kowane ƙaramin asibiti, sanin ko yaro ya rame fiye da kima sai da sikeli da sanin ranar haihuwa. A ƙauye kuwa ba kasafai ake samun ko ɗaya ba.

Likita Derrick Jelliffe ya gwada auna kaurin damtsen yara a Haiti a ƙarshen shekarun 1950. Dalilinsa mai sauƙi ne: damtse tsoka ce da kitse a kan ƙashi, idan yunwa ta kama jiki nan take fara zabgewa. Ga shi kuma tsakanin shekara 1 da 5 kaurin damtsen lafiyayyen yaro bai cika sauyawa ba, don haka ko uwa ta ce "da kakar bara waccan na haife shi", awon na nan daram.

Yaƙin basasar Najeriya ne ya fito da dabarar fili. Ma'aikatan agaji na ƙungiyar Quaker sun riƙa tsayar da yara jikin sanda mai zane, su kwatanta tsawon yaro da kaurin damtsensa, su ware waɗanda za a fara ciyarwa. A 1974 Adnan Shakir na Bagadaza da David Morley suka ƙara sauƙaƙa abin, suka mayar da lambobi launi: ja, ruwan ɗorawa, kore. Har da tsohon fim ɗin hoton ƙashi aka riƙa yankawa ana yin tef ɗin.

Yadda ake awon bai sauya ba. A saki hannun yaro, a nemo tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, a zagaya tef ba matsewa ba sako-sako. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani ga ɗan wata 6 zuwa shekara 5.

An daɗe ana ganin aikin na ma'aikacin lafiya ne kaɗai, kuma wannan raini ne kawai. A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata awon, bincike kuma ya nuna hannunsu bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba. Yau ƙasashe da dama a Afirka suna raba tef ɗin ga uwaye su ajiye a ɗaka.