Kalmar "Gwaji" da Tarihin Gubar Dalma a Ƙasar Anka da Bukkuyum

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda kalma guda ta Hausa, watau "gwaji", ta ɗauki nauyin kalmomin Ingilishi har uku. Bature in zai auna abin da ke jikin mutum sai ya ce "test", in yana neman sanin abin da ba a sani ba ya ce "experiment", in kuwa sabon magani yake jarrabawa a kan marasa lafiya ya ce "trial". Mu kuwa mun zuba su duka a tukunya ɗaya: gwajin jini, ɗakin gwaje-gwaje, gwajin magani. Ga "awo" muna da ita, kamar a awon ciki, amma ba mu faɗaɗa ta ba. "Jarrabawa" kuwa, wadda muka aro daga Larabci, tuni makaranta ta riƙe abarta.

Da kalmar ba ta da tabo, da wannan cunkoso bai dame mu ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya jarraba maganin Trovan a Kano, a wani bincike da ya haɗa yara wajen 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009. Ƙin allurar shan-inna na 2003, wanda Jihar Zamfara ma ta shiga, bai rasa nasaba da wannan ba.

To, da irin wannan tarihi kalmar ta iso yammacin Zamfara. A farkon 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, waɗanda sanƙarau suka fito bi, suka tarar yara ƙanana na jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi da na sanƙarau kuma ba su yi musu kome ba. Sai da aka auna jini aka gane dalma ce. Dutsen zinariya mai dalma ake kawowa gida, a daka, a niƙa da injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara sama da 400 suka halaka. A Dareta da 'Yargalma, binciken Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu cikin shekara guda.

Abin lura a nan, ayyuka daban-daban aka yi, dukansu kuma Bahaushe "gwaji" zai kira su. Ɗiban jini awo ne kurum. Na'urar da aka zo da ita ma iyakarta 65, jinin yara da yawa ya zarce nan, sai an sirka shi kafin a karanta. Duba ƙasar gidaje shi ma awo ne, shi ya nuna inda za a kankare a zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013. Maganin da aka ba waɗanda awonsu ya kai 45 kuwa ba sabo ba ne, tun 1991 aka amince da shi a Amurka. Sai dai ba a taɓa ba yara masu yawa haka, masu dalma haka, ba, kuma daga baya likitocin sun buga abin da suka koya. Watau ko a nan akwai ɗan gefen da magani ya taɓa bincike, bai kuwa kamata mu ɓoye shi ba.

A ganinmu, mahaifin da aka ce za a yi wa ɗansa "gwaji" yana da hakkin ya san wanne ake nufi. Don haka muke ba masu fassara shawara su bar "awo" ga jini da ƙasa da ruwa, su keɓe "gwaji" ga abin da ba a tabbatar ba tukuna, wanda sai da yardar iyaye. Karin harshen yankin zai ma taimaka, domin daga Anka har Gummi, in mutum ya ce "gwada mini", nuna mini yake nufi. Ke nan in ma'aikaci ya ce zai auna jini ya gwada wa uba sakamakon, ya faɗi aikinsa duka da Hausar da uban ke ji.