Hidetoshi Nakata da Hanyar da Ya Share wa Japan zuwa Turai

Lokacin da Japan ta halarci gasar cin kofin duniya karo na farko, a Faransa a 1998, dukkan 'yan wasanta 22 a ƙungiyoyin cikin gida suke taka leda. A gasar Ƙatar ta 2022 kuwa, inda ta doke Jamus da Sifaniya, 19 daga cikin 26 a ƙetare suke wasa. Masu bin tarihin wannan sauyi sukan faro shi daga ɗan wasan tsakiya guda, wato Hidetoshi Nakata.

An haifi Nakata a garin Kofu ranar 22 ga Janairun 1977. Yana shekara 16 aka buɗe gasar ƙwararru ta J.League a 1993, don haka yana cikin sahun farko na matasan Japan da suka tashi da sanin cewa ƙwallo sana'a ce. A shekarar ce kuma Nijeriya ta su Nwankwo Kanu ta fitar da Japan, da Nakata a cikinta, daga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ci 2-1. Ya shiga ƙungiyar Bellmare Hiratsuka a 1995. A gasar Olamfik ta Atlanta ta 1996 yana cikin tawagar da ta girgiza duniya da doke Birazil 1-0, kafin ta sake karo da Nijeriya ta su Jay-Jay Okocha da Tijjani Babangida, ta sha kashi 2-0.

Sunansa ya fito sosai ranar 16 ga Nuwamban 1997 a Johor Bahru ta Malesiya, a wasan neman gurbin zuwa Faransa da aka yi da Iran. Japan ta yi nasara 3-2, kuma da ƙafarsa a dukkan ƙwallayen uku. An zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Asiya a wannan shekara, aka maimaita a 1998.

Duk da haka, da ƙungiyar Perugia ta Italiya ta saye shi bayan gasar Faransa, mutane da yawa sun ɗauka ciniki ne kawai, don a sayar da riguna a kuma jawo 'yan yawon buɗe ido daga Japan. Zargin yana da tushe. Japan ta faɗi a dukkan wasanninta uku a Faransa, kuma Kazuyoshi Miura, wanda ya riga shi zuwa Italiya a 1994, ƙwallo ɗaya tak ya ci wa Genoa kafin ya koma gida. A wancan zamani gasar Serie A ce ake ɗauka mafi tsauri a duniya. Nakata ya ba da amsa tun a wasansa na farko, inda ya zura wa Juventus ta su Zinedine Zidane ƙwallo biyu, ko da yake Perugia ta faɗi 4-3. Ya kammala kakar da ƙwallo 10.

Abin da ya bambanta shi da tunanin da Turawa suke yi wa 'yan wasan Asiya shi ne ƙarfin jiki. Ba ya faɗuwa da sauƙi idan an bangaje shi, yana wasa kansa a ɗage, yana kuma aika ƙwallo da ƙarfi zuwa inda yake son abokin wasansa ya isa, ko da bai riga ya isa ba.

A Janairun 2000 Roma ta saye shi, a ƙarƙashin mai horarwa Fabio Capello. A nan ya gamu da cikas biyu. Gurbin da ya fi ƙwarewa a kai na kyaftin Francesco Totti ne, sannan doka ta taƙaita yawan 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba da ƙungiya za ta iya sakawa. Ya daɗe yana zaman benci. An soke dokar kwanaki kaɗan kafin ranar 6 ga Mayun 2001, da Roma ta ziyarci Juventus ana tseren lashe gasar. Juventus tana gaba da ci 2-0 Capello ya cire Totti ya saka Nakata. Ya ɗirka ƙwallo daga nesa ta shiga raga, sannan dab da tashi ya sake bugawa, mai tsaron raga Edwin van der Sar ya kasa riƙewa, Vincenzo Montella ya ƙarasa. Kunnen dokin nan ya kare wa Roma tazararta, ta kuma ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1983.

Daga nan tauraronsa ya fara dusashewa a hankali. Ya ci kofin Italiya da Parma a 2002, shekarar da ya zura wa Tunisiya ƙwallo a gasar duniyar da Japan ta karɓi baƙuncinta tare da Koriya ta Kudu. Sai dai sauye-sauyen gurbi da raunin jiki sun rage masa kaifi a Parma da Bologna da Fiorentina. Kakarsa ta ƙarshe ya yi ta a matsayin aro a Bolton ta Ingila, tare da Okocha.

Ranar 22 ga Yunin 2006, bayan Birazil ta lallasa Japan 4-1 a Dortmund, ya kwanta a tsakiyar fili ya daɗe bai tashi ba. Ranar 3 ga Yuli ya sanar da jingine takalmansa yana shekara 29, bayan ya buga wa ƙasarsa wasa 77 da ƙwallo 11.

Kafin lokacin, hanyar ta riga ta sharu. Shinji Ono ya tafi Feyenoord a 2001, Junichi Inamoto ya tafi Arsenal, Shunsuke Nakamura ya bi sahu zuwa Reggina a 2002. Ƙungiyoyin Turai sun koma tura masu farautar 'yan wasa Japan saboda abin da suka gani a fili, kuma da irin waɗannan matasa aka gina tawagar da ta doke Jamus a 2022.