Damo: abincinsa da yadda yake saɓa

Damo, wanda Hausawa ke yi wa kirari da sarkin haƙuri, yana rayuwa ne a dazuzzukan arewacin Najeriya irin su dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Batsari da Safana a jihar Katsina.

A Turai da Amurka kuwa kiwonsa ake yi a gida, kuma galibi daga Ghana da Togo da Benin ake kai shi.

A daji, abincinsa fara ne da gyare da dodon koɗi da kunama. Da damina yakan ci ya tara kitse, da rani kuma ya shige rami ya rayu da kitsen.

Saboda haka idan mai kiwo ya riƙa ɗura masa ɓeraye duk shekara, ƙiba kan yi masa yawa har ta kashe shi.

Maciji kan tuɓe fatarsa gaba ɗaya, amma ta damo gutsure-gutsure take fita, kuma ba a ɓare masa ita da hannu.

Abin da yake bukata shi ne rami mai danshi, domin tsohuwar fatar da ta maƙale a yatsa ko wutsiya tana iya tsayar da jini har gaɓar ta guntule.