Jar Shinkafa da Rufewar Kakanninmu

'Yan'uwanmu mazauna Legas, Kaduna da Abuja sukan kawo mana kukan cewa jar shinkafar da ake aika masu daga gida ba ta jimawa. Bayan 'yan watanni sai ta fara wari, ƙwari su cika buhu. Kafin a ga laifinta, ya kamata mu waiwayi yadda magabata suka adana ta.

Masana sun ce shinkafar Afirka, wadda jar shinkafarmu ta fadama ke cikin danginta, an fara nomanta ne a gaɓar Kogin Kwara, cikin ƙasar Mali ta yau, kimanin shekaru 3,000 da suka wuce. Ashe ta girmi birnin Sakkwato da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 nesa ba kusa ba. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya ratso ƙasarmu a 1853, ya tarar ana nomanta a bakin gulbi.

Manomin Kwalkwalawa ko Wurno a da, shanshera yake ajiyewa, wato shinkafa cikin ɓuntunta. Sai ya shanya ta har ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori (malaman gona yanzu suna cewa kada damshinta ya wuce kashi 14 cikin 100), sannan ya zuba a rufewar ƙasa da aka ɗora bisa duwatsu, a yaɓe bakinta, a kifa jinka. Iyayenmu mata kuwa na 'yan kwanaki kaɗai suke ɗiba su turara, su shanya, su surfa a turmi. Hikimar ita ce, jar fatar nan da ke jikin ƙwaya tana da mai, ɓuntu ne garkuwarta, da zarar an cire shi iska ta fara ɓata man. Baƙar shinkafar Sin da ake tsadarta a manyan kantuna ita ma halinta ke nan.

Mu da farin 1973 ya same mu muna yara, mun ga bambancin gidan da ke da shansherar bara da wanda ya sayar tun da kaka. Daga baya madatsun Bakolori da Goronyo suka sauya zuwan ruwa a fadama, farar shinkafar rani ta yi yawa, injin casa ya karɓi aikin turmi, ambaliyar 2010 kuma ta rushe rufewa masu yawa.

Yau buhun da ke isa Legas casasshe ne tun daga tasha. Mai son ta jima masa, sai ya roƙi a riƙa aiko da kwano kaɗan-kaɗan, ya zuba a mazubi mai murfi, nesa da zafin murhu, sauran kuma a bar ta shanshera a gida.