Cutar Bowen: tabon fata da kan iya rikiɗewa ya zama kansa

Wani dattijo maƙwabcina a Sabo, Ibadan, ya shafe kusan shekara uku da wani tabo a ƙwaurinsa. Da farko duk mun ɗauka makero ne. Ya sayi man shafawa kala-kala a kemis, ya gwada na gargajiya, amma tabon sai ƙara faɗi yake a hankali. Da muka kai shi wajen likitan fata aka ɗan yanki fatar aka auna, sai aka ce cutar Bowen ce. Ranar na fara jin sunanta, shi ya sa na ga ya dace in sanar da ’yan’uwa abin da na fahimta.

An raɗa mata sunan wani likitan fata ɗan Amurka, John Bowen, wanda ya fara bayaninta a 1912. Ƙwayoyin halittar fata ne suke lalacewa, amma suna tsayawa a shimfiɗar fata ta sama ba su kutsa ciki ba. Wato matakin farko ne, kafin a kai ga cikakkiyar kansa. Idan aka bar ta ba magani, a cikin mutum 100 akwai kamar 3 zuwa 5 da za ta nutsa musu cikin nama ta zama kansar fata, wadda kan iya bazuwa a jiki.

Yawanci tabo ɗaya ne, mai kaushi da ɓawo-ɓawo, gefensa a fili yake. A jikin farar fata ja yake fitowa, mu kuwa baƙar fata yakan zo ruwan ƙasa ko baƙi, shi ya sa ake rikita shi da kirci ko makero. Sau da yawa ba zafi ba ƙaiƙayi, yana girma cikin watanni ko shekaru. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Idan tabon ya fara zubar da jini, ya yi ƙullutu, ko ya zama gyambo, to kada a ƙara kwana.

Babban dalilinta shi ne daɗewa cikin zafin rana shekara da shekaru. Sai ƙwayar cutar HPV, musamman idan tabon a al’aura ko gefen farce yake, da raunin garkuwar jiki kamar na masu HIV ko waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da shan ruwa mai gubar asanik na tsawon lokaci. Ta fi kama masu shekara 60 zuwa sama. A Najeriya waɗanda suka fi shiga haɗari su ne ’yan’uwanmu zabiya, domin fatarsu ba ta da sinadarin launin da ke tare hasken rana. Su kam tun suna samari abin kan same su, balle mai talla ko ɗan acaba da ke wuni a rana.

Maganinta ya danganta da girman tabon da inda yake. Likita na iya daskarar da shi da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, ko ya kankare ya ƙona wurin, ko ya yanke shi ya ɗinke. Akwai kuma man shafawa irin su fluorouracil da imiquimod da ake amfani da su na ’yan makonni. Wurin yakan yi ja ya kumbura kafin ya warke, wannan alamar maganin na aiki ne. Kada dai a saye su ba tare da likita ya rubuta ba. Dattijon namu yankewa aka yi masa, sai dai ƙwauri ba ya saurin warkewa, ya ɗauki makonni yana zuwa wankin ciwo. Yanzu Alhamdulillahi ya koma kasuwa, amma an ce ya riƙa komawa ana dubawa domin takan dawo.

Shawarata: duk tabon da ya wuce wata ɗaya ko biyu ana shafa magani bai tafi ba, a je asibiti. Manyan asibitocin koyarwa irin su UCH a Ibadan da LUTH a Idi-Araba, Legas, suna da sashen fata. Iyayen yara zabiya kuma ku daure ku saba musu da malafa, da riga mai dogon hannu, da man kare rana mai lamba 30 ko sama, ku kuma rage musu aike tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Allah ya ba mu lafiya.