Daga Dakar Zuwa Tsibirin Gore

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ni kuwa tafiyar da na yi daga Dakar, babban birnin ƙasar Senegal, zuwa tsibirin Gore ta sa na fara shakkar wannan karin magana, domin na je na gani da idona, amma sai da na dawo na koma ga littattafai kana na san abin da na gani. Abin da nake so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai ke nan a wannan maƙala, tare da neman afuwar malamanmu na sashen tarihi in na yi musu shisshigi.

Ita kanta tafiyar ba ta da wani tsawo. A tashar jiragen ruwa ta Dakar ake shiga jirgin fito, cikin kamar minti 20 an isa, don tsakaninsu bai kai kilomita 4 ba. Kuɗin jirgi hawa-hawa ne: na mazauna ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na baƙin da suka ƙetaro teku daban. Tun cikin jirgi mata 'yan kasuwa za su kewaye ka, kowacce ta gaya maka sunanta, ta ce kada ka manta da ita in ka iso rumfarta. Tsibirin ɗan ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kamar mita 900, faɗinsa kamar mita 300. Babu mota ko ɗaya a cikinsa. Lunguna ne na rairayi, da tsofaffin gidajen dutse ja da rawaya, sai wani tudu a kudu mai tsofaffin igwa a kansa.

Mutanen ƙasa, watau Lebu da Wolof, Ber suke kiran wurin. A shekarar 1444 wani matuƙin jirgi na Fotugal mai suna Dinis Dias ya iso shi. Abin da ya ja hankalin Turawa abu biyu ne: akwai inda jirgi zai kafa anga ba tare da igiyar ruwa ta dame shi ba, sa'an nan ga ruwa ya shiga tsakaninsu da dawakin sarakunan tudu, musamman Damel, sarkin Kayor. Mutanen Holan suka karɓe shi a farkon ƙarni na 17, suka gina ganuwa biyu, kuma daga harshensu sunan Gore ya fito. Faransawa suka ƙwace a 1677. Ingilishi suka yi ta karɓewa suna mayarwa, har zuwa 1817 da ya tabbata a hannun Faransa. Amma akwai abu guda da nake roƙon mai karatu ya riƙe: Gore ba ta da kogi, ba ta da ruwan sha mai ƙosarwa, ba ta da gona. Ruwa da gero da itacen girki duk daga tudu ake sayowa.

Kowane baƙo Gidan Bayi yake nufa, ni ma can na nufa. Gida ne mai bene, da matakala biyu da suka lanƙwasa kamar ƙaho. A ƙasa ga ɗakuna masu duhu, an rubuta a bakin kowanne: na maza, na mata, na yara, na masu taurin kai. Daga tsakar gida wani siririn lungu ya miƙe har zuwa wata ƙofa da ke kallon teku, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Iyalin wani attajiri, Pépin, suka gina gidan a ƙarshen ƙarni na 18. A 1962 aka mai da shi gidan tarihi, aka danƙa shi ga Boubacar Joseph Ndiaye, tsohon soja, wanda ya riƙe shi har rasuwarsa a 2009. Bakinsa ne ya sa duniya ta san Gore. A 1978 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya. Nelson Mandela ya zo a 1991, Paparoma John Paul na Biyu a 1992, Barack Obama a 2013. Ran da na je, wata baƙar Ba'amurkiya ta tsaya a bakin ƙofar nan tana kuka ba sauti, ni ma tsigar jikina ta tashi. Mai yi mana jagora ya ce mutum miliyoyi ne suka fita ta nan.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun 1969 wani masanin tarihi Ba'amurke, Philip Curtin, ya fitar da littafinsa na ƙidayar bayin da aka ƙetarar da su Tekun Atlantika. A 1995 ya fito fili ya ce labarin miliyoyin nan na Gore ba shi da tushe, a 1996 kuma jaridar Le Monde ta Faransa ta buga irin wannan magana. Ran mutanen Senegal ya ɓaci, har aka yi taron masana a kan tsibirin a 1997. Daga baya masana suka tattara bayanan tafiye-tafiyen jiragen bayi sama da 35,000 daga takardun 'yan kasuwa da na tashoshin ruwa. Ƙiyasinsu shi ne an ɗora mutum kamar miliyan 12.5 a jirgi daga Afirka baki ɗaya. Daga cikinsu kamar miliyan 5.7 daga yankin Angola da Kwango suka fito, kamar miliyan 2 daga gaɓar Binin, watau daga Eko zuwa Wida da kewaye. Yankin Senegal da Gambiya duka bai kai miliyan 1 ba, rabon Gore a ciki kuwa 'yan dubbai goma-goma ne.

Da na karanta wannan sai na tuna da abin da idona ya gani bai lura ba. Ƙofar nan a kan duwatsu take buɗewa, inda kwalekwale ba zai so ya matso ba. Mashigin jirage yana can wani gefen. Tsibirin da ke sayen ruwan sha kuma yaya zai ciyar da dubban mutane a tsare? Abin da masana da dama suka fi karkata gare shi shi ne, gidan attajiri ne: iyali a sama, a ƙasa kuma rumbunan kaya da makwancin bayin gida, wataƙila har da waɗansu kamammu masu jiran jirgi.

Ni ban ga dalilin yi wa marigayi Ndiaye ba'a ba, kamar yadda waɗansu suka yi. Jikokin waɗanda aka sayar ba su san garin kakanninsu ba, ba su san kabarinsu ba. Ya ba su wurin da za su tsaya su yi kuka, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Mutum dubu ɗaya ma aka ɗaure aka sayar, ai abin ya isa. Amma ɗalibin da ya rubuta miliyoyi a takardar jarrabawa saboda ya ji a bakin ɗan jagora, malaminsa yana da gaskiya in ya ja masa jan biro.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, labarin ƙofa ya rufe wani labarin. Yawancin gidajen dutsen nan na waɗansu mata ne da ake kira sinyar, kalmar da ta samo asali daga harshen Fotugal, ma'anarta uwargida. 'Yan ƙasa ne ko ruwa-biyu, sukan auri Turawa bisa al'adar ƙasa, in Bature ya koma gida dukiya ta zama tasu. Suna da jirage, suna cinikin ƙaro da fatu da kakin zuma, suna kuma da bayi. Bayin nan su ne magina da kafintoci da matuƙa, matansu su ne masu daka da wanki. A rabin ƙarshe na ƙarni na 18 bayi sun fi 'ya'ya yawa a tsibirin. Al'ada ta hana a sayar da wanda aka haifa a gida sai in ya yi babban laifi. Da na ji haka sai na ce, ashe cucanawa ne. Faransa ta 'yanta su a 1848. Mu kuwa a ƙasar Hausa muna da rinji, muna da murgu, an sayar da mutane a kasuwar Kurmi ta Kano, kuma sai 1936 aka yi dokar da ta haramta bauta ɗungurungum a Nijeriya ta Arewa. Laifi tudu ne.

Wani zai tambaya, shin Hausawa sun bi ta Gore? Hanyarsu ba nan take ba. Waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da na rushewar daular Oyo, kudu aka gangara da su, aka ɗora su a jirgi a Eko da Badagiri da Porto-Novo da Wida, da yawansu kuma Bahiya ta ƙasar Brazil aka kai su. Can ɗin ma ba su kwanta ba. Takardun mahukuntan Bahiya sun ambaci Hausawa a shirin tawayen da aka bankaɗo a 1807, da tawayen 1809 da na 1814. A babban tawayen Musulmi na 1835 Yarabawa ne suka fi yawa, amma akwai Hausawa, an kuma sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ban taɓa jin ƙungiyarmu ta shirya ziyara zuwa Badagiri ba, alhali kuwa mota ce kawai za ta kai mu.

Tauraron Gore ya fara dusashewa bayan da Faransawa suka kafa Dakar a 1857, suka kuma mai da ita hedkwatar mulkinsu na Afirka ta Yamma a 1902. Duk da haka a nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa, a 1914. Daga 1913 har zuwa 1937 kuma a nan makarantar William Ponty take, wadda ta horar da malamai da akawuna na dukan ƙasashen Faransa na wannan yanki. Houphouët-Boigny na Kwaddebuwa ya yi karatu a cikinta, haka Modibo Keita na Mali. Daga Nijar akwai Bubu Hama, akwai kuma Diori Hamani, wanda ya koyar a Maraɗi, ya je Paris ya koyar da Hausa da Zabarmanci, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1960. Na tambayi hanya aka nuna mini ginin makarantar. Ba layin baƙi, ba mai ɗaukar hoto, sai waɗansu yara suna buga ƙwallo a rairayi. Ina nan tsaye sai na ji jirgin la'asar ya yi ƙugi, na yi sauri na gangara mashigi, inda na tarar da matar nan da ta gaya mini sunanta da safe tana jirana da tsakiya a hannu.